DARASI NA TARA: RUBUTUN TARIHIN RAYUWA (MISALI DAGA RAYUWAR TONI STONE)

9.1 Gabatarwa

Tarihin rayuwa nau'i ne na rubutun zube wanda ke bayyana asalin mutum da gwagwarmayarsa da abin da ya bari. Wannan darasi zai kawo taƙaitaccen tarihin Toni Stone, 'yar wasan besbol ta ƙasar Amurka, domin ɗalibi ya ga yadda ake tsara irin wannan rubutu da yadda ake tantance bayanansa.

9.2 Wasan Besbol

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da 'yan wasa 9. Ana jefo ƙwallo, ɗan wasa ya doke ta da gora, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin ya sami maki.

9.3 Rayuwarta

An haifi Marcenia Lyle Stone ranar 17 ga Yuli, 1921, ta kuma tashi a birnin St. Paul na jihar Minnesota. Tun tana ƙarama take wasa cikin yara maza. A shekarar 1943 aka kafa gasar besbol ta mata ƙwararru a Amurka, sai dai babu baƙar fata a cikinta. Don haka ta ci gaba da bin ƙungiyoyin maza baƙaƙe, kamar New Orleans Creoles wadda ta shiga a 1949.

Bayan da Jackie Robinson ya shiga babbar gasar ƙasar a 1947, sai fitattun 'yan wasa baƙaƙe suka riƙa komawa can, 'yan kallo suka bi su. Domin jawo jama'a, a 1953 ƙungiyar Indianapolis Clowns ta ɗauki Toni, ta riƙa tsaron tasha ta biyu. Ta buga wasanni kusan 50, tana fama da wariyar launin fata a waje da kuma tsangwamar wasu abokan wasanta a ciki. A 1954 ta koma Kansas City Monarchs, daga nan ta ajiye wasa. Ta rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1996, a Kalifoniya.

9.4 Tantance Bayani

Lokacin da take Clowns, an riƙa tallata ta da shekarun da suka gaza nata na gaskiya da kimanin goma. Wanda ya dogara ga takardun tallar 1953 kaɗai zai rubuta kuskure, kuskuren kuma ya shiga aji. Saboda haka wajibi ne marubuci ya gwada abin da aka faɗa a baki da abin da ke rubuce, ya kuma tambayi kansa: wa ya faɗa, kuma me zai samu idan an yarda? Haka nan kada kirari ya rufe dalili: ƙwarewarta gaskiya ce, neman kasuwar masu ƙungiyar ma gaskiya ne, duka biyun na cikin tarihin.

9.5 Dabarar Koyarwa

Malamin da ke gwajin koyarwa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni zai tarar yawancin yara ba su san besbol ba. Sai ya faro daga abin da suka sani, kamar langa da carafke, ya tambaye su wane wasa ake cewa na maza ne, wane ne na mata, kafin ya gabatar da labarin.

9.6 Jinga

1. Kawo dalilai biyu da suka kai Toni Stone ga ƙungiyar Clowns.
2. A nemi izinin wata dattijuwa a unguwa wadda ta fara wata sana'a da ba a saba ganin mata a cikinta ba, a rubuta tarihinta cikin shafi biyu, tare da bayyana yadda aka tabbatar da shekarar haihuwarta.