Ɗana, Bar Zargin Caja, Duba Zafi

Ɗana, jiya na ji kuna gardama da ƙaninka a zaure, kana cewa cajar nan mai sauri da ta zo da sabuwar wayarka za ta cinye maka batir. Har na ga ka zaro tsohuwar caja kana lallaɓawa da ita. Na san abin da ya faɗo maka a rai, wato sauri ya haifi nawa. Zauna ka ji.

Batirin waya na lithium ne, kuma kwanansa ƙidayayye ne. Kamfanin Apple ya ce an ƙera batirin iPhone 14 ne don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan ya cika ya ƙare sau 500. Da kowace caja ka yi amfani, wannan tsufan yana tafe.

Ita caja mai sauri ba ɗura wuta take yi da ka ba. Wayar ce ke faɗa mata abin da za ta iya ɗauka. Idan batir ya yi ƙasa sai ta sha wuta da yawa, idan ya doshi kashi 80 sai ta sassauta. Shi ya sa rabin farko yake cika nan da nan, ƙarshen kuwa ya yi ta jan ƙafa. Gaskiya ne saurin yana ƙara ɗumi, kuma ɗumin yana ɗan rage wa batir kwana, amma kaɗan ne idan an gwada da abin da mu muke yi masa da hannunmu.

Zafi shi ne babban maƙiyinsa. Apple ɗin dai ya yi gargaɗi cewa yanayin da ya haura digiri 35 yana iya raunana batir, raunin da ba ya warkewa. Mu kuwa a nan Kano, a watan Afrilu zafi kan wuce 40. A cikin wannan bazarar kake jona waya ka tura ta ƙarƙashin matashi, ko ka riƙe ta kana kallon ƙwallo tana caji, ko ka bar ta a gaban mota rana tana dukanta. Idan an ɗauke wuta kuma ka kai ta shagon caji, a jibge ta a kan wayoyin mutane. Abin yana damuna, domin na san gumin da ka yi kafin ka saye ta.

Yi amfani da cajarta ta asali, ka guji jabu komai arharta. Cire wa wayar riga idan ta ɗau zafi, ka ajiye ta a inuwa. Idan tana da wurin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi. Kada ka riƙa barinta sai ta mutu murus.

Ranar da ka ga bayanta ya kumbura, kada ka sake jona ta. Kashe ta, ka kai wa mai gyara ya sauya batirin a ranar. Allah ya yi maka albarka.