Yadda Haske Ke Karkacewa: Jan Kunne ga Mutanen Ƙasar Birnin Gwari

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a watan Maris ko Afrilu ya san abin nan da ke fitowa a kan kwalta da rana tsaka. Bayan Buruku, ko wajen Udawa, sai ka hango kamar ruwa ya malale a gaba yana ƙyalli, mota na matsowa shi kuma yana ja da baya. Kawalwalniya ke nan, wadda aka ambata a Suratun Nur, aya ta 39. Ba aikin aljanu ba ne. Rana ce ta gasa kwalta, iskar da ke kwance a kanta ta fi ta sama zafi, hasken da ya gangaro daga samaniya da ya iso wurin sai ya lanƙwasa ya taso zuwa idonka. Hoton samaniya ne kake gani a ƙasa. Direba dai ya kiyaye, domin ƙyallin yakan rufe rami.

To, me ke sa haske ya karkace? A sarari yana gudun kusan kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Idan ya shiga ruwa sai gudun ya sauka zuwa wajen 225,000, a gilashi kuwa wajen 200,000. Dubi amalanken shanu da ya baro tsandauri ya shiga rairayi a kaikaice: ƙafar da ta fara nutsewa takan rage sauri alhali ɗayar na ci gaba, dole amalanken ya juya. Haka haske ke yi a bakin ruwa. Shi kuwa ido bai san an yi kwana a hanya ba, ɗauka yake daga inda hasken ya shigo masa nan abin yake.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Ibnu Sahal ya rubuta ƙa'idarsa a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke aika nasa ba.

Ga inda maganar ta shafi rai. Kogin Mariga da rafukan da ke ratsa dajin Kamuku, dajin nan da gwamnati ta keɓe tun 1936 ta kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, sukan tace su yi garau idan damina ta ja baya. Mutum ya tsaya a gaɓa, ya ga duwatsun ƙasa kamar ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ce ai iyakarsa ƙugu. Ƙarya ruwan ya yi masa. Ko da ta sama ka leƙa kai tsaye, kashi uku cikin huɗu na zurfin kawai za ka gani: mai mita 2 zai zo maka kamar mita ɗaya da rabi. Daga gefe kuwa, a kaikaice, ragin ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa tsakiyar rafi kan yi kamar ta fi gabanka tudu alhali nan ne gurbi. Babba zai iya sha da ƙyar. Yaro mai kora shanu fa, ko yarinya da tulu a ka?

Abin da ya fi damuna shi ne ramukan da masu haƙar zinariya ke bari a buɗe. Ruwan sama ya cika su, laka ta kwanta, ruwan ya yi tas, yara su ɗauka wurin wanka ne. Bangon ramukan a tsaye yake, ba gangare kamar na tafki. Wanda ya ci arzikin rami, hakkinsa ne ya cike shi ko ya killace shi da ƙaya, dagatai da masu unguwanni kuma bai kamata su zuba ido ba. Mai tsallake ruwa ya riƙe sanda doguwa yana dogarawa gabansa. Zai ga kamar ta karye daidai inda ta shiga ruwa. Lafiyarta lau, kuma abin da hannunsa ya ji shi ne gaskiyar zurfin. Masunta sun daɗe da sanin wannan, domin mai sukar kifi da mashi ƙasa da inda ya gan shi yake auna.

Bakan gizo ma, da ake cewa yana shanye ruwan sama, ɗan wannan gida ne. Hasken rana ya shiga ɗigon ruwa ya karkace, kowane launi da gwargwadon kwanarsa, ya bugi bayan ɗigon ya dawo. Dalili ke nan da ba ka ganinsa sai rana na bayanka.

Karkacewar nan kuma ita ake sarrafawa a yi tabarau. Mutum ya haura shekara 40, ƙwayar da ke tattara haske a cikin idonsa takan fara tauri, sai ka ga malam yana nesanta littafi da fuskarsa. Gilashin da aka yanka daidai da idonsa zai ƙarasa masa lanƙwasar da ta gaza. Amma na kasuwa ba kowane ido yake yi wa daidai ba, kuma ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido. Wanda ganinsa ya soma ragewa ya je a auna shi a asibiti. Akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna.