Yadda ake gane lokacin neman lauya a Ibeto da kewaye

Yawancin rigingimun da ke tasowa a Ibeto da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Magama ba sa kaiwa gaban lauya, kuma bai kamata su kai ba. Shanu sun shiga gonar dawa, maƙwabci ya ci iyaka da taku biyu, bashin taki ya wuce kaka ba a biya ba: irin waɗannan mai unguwa da dagaci da liman da ardo sun fi kowa iya kashe su, cikin sauri kuma ba tare da ɓata zumunci ba. Sai dai akwai wasu matsalolin da jinkirin kwana kaɗan a kansu ke jawo asarar gona ko zaman gidan yari, kuma su ne ya kamata magidanci ya iya ganewa tun daga farko.

Matakin farko shi ne a duba ko 'yancin wani yana cikin haɗari. Idan 'yan sanda sun kama mutum, ko sun gayyace shi kan zargi mai nauyi kamar kisa, fashi, satar shanu, fyaɗe ko taimaka wa 'yan bindiga, a nemi lauya a ranar, kafin a rubuta jawabi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya kuma wajabta, in ba laifin da hukuncinsa kisa ne ake zarginsa da shi ba, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in ta fi haka nisa cikin kwana biyu. Jawabin da aka sa wa hannu a daren farko, cikin tsoro da gajiya, shi ne sau da yawa ake karantawa a gaban alƙali bayan watanni, kuma janye shi yana da wuyar gaske. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Wanda zai tsaya wa wani beli ya sani cewa in mutumin ya gudu, shi kotu za ta nema da kuɗin da ya sa wa hannu.

Daga nan sai a duba ko akwai takardar da za a sa wa hannu ko a dangwala wa yatsa. A nan ne mutanen karkara suka fi yin asara, domin an saba neman lauya bayan rigima ta ɓarke, alhali aikinsa ya fi araha da amfani kafin kuɗi su fita daga aljihu. Sayen gona ko fili, jingina, aro na shekaru, hayar shago a Kontagora, rancen banki da aka ba da gida a matsayin jingina, duk suna bukatar idon masani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, wato hedikwatarta ta Nasko ke nan ga mutumin Ibeto, takardar gwamna kuwa daga Minna take fitowa. Takardar shaida ta mai unguwa ko dagaci tana da amfani, amma ba ta tabbatar da cewa mai sayarwa shi kaɗai ke da gonar. Gonar gado da ba a raba ba ita ce babban tarko: ɗa ɗaya ya sayar, bayan shekara biyu 'yan uwansa mata su kai ƙara, mai saye ya rasa gona ya shiga bin kuɗinsa. Lauya zai tambayi asalin gonar, ya nemi sa hannun dukan magada, ya rubuta iyakoki huɗu da sunayen shaidu. Idan ɗaya daga cikin masu cinikin ba ya karatu, dole a karanta masa takardar a harshen da yake ji, Hausa ko Kambarci, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi hakan.

Aron gona yana bukatar ƙarin kulawa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi akwai hauzi: wanda ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa a matsayin tasa, mai ita yana gari yana gani bai ce komai ba, da'awar mai ita na iya faɗuwa, tsakanin dangi wa'adin ya kai shekara 40. Aro da jingina ba sa zama mallaka ta hanyar hauzi, amma sai an iya tabbatar da cewa aro ne. Shaidu suna mutuwa, don haka a rubuta.

Na uku, a duba ko takardar kotu ta iso. Sammaci ba abin ajiyewa a ƙarƙashin katifa ba ne. Wanda ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. A ƙananan shari'o'in aure, saki, ciyarwa da riƙon yara, mutum na iya tsayawa da kansa a kotun shari'a, galibi ma haka ake yi. Amma idan abokin shari'a ya zo da lauya, ko gadon ya ƙunshi gidaje da gonaki da yawa, ko ƙarar tana babbar kotun jiha da ke zama a Kontagora, zuwa babu lauya ganganci ne. Hukuncin da bai gamsar ba kuma yana da wa'adin ɗaukaka ƙara, a ƙananan kotuna galibi kwana 30, saboda haka a nemi kwafin hukunci a kai wa lauya a makon. Ƙarar jami'in gwamnati kan aikinsa ta fi gaggawa: a shari'o'i da dama dokar kare jami'ai ta ba da wata 3 kacal.

Idan an yanke shawarar zuwa, a shirya. A tattara kowace takarda, rasit, saƙon waya da hoton ɓarna, a jera abin da ya faru da ranakunsa, a rubuta sunayen shaidu. A gaya wa lauya gaskiya duka, har abin da ba ya goyon bayan mai ƙara, domin doka ta ɗora masa riƙe sirri, kuma abin da aka ɓoye masa a ofis a bakin abokin shari'a zai ji shi. A yi maganar kuɗin aiki tun farko, a bambanta shi da kuɗin kotu da na mota, a karɓi rasit. A yi hankali da 'yan kamasho da ke zagaye harabar kotu suna cewa sun san alƙali. Lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma takardun da ya shirya suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa.

Rashin kuɗi ba ya rufe ƙofa. Hukumar ba da tallafin shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofishi a Minna, tana kuma kare marasa ƙarfi kyauta, musamman waɗanda ke tsare. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar koken mata da yara, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa kuma tana sauraron ƙorafin azabtarwa da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. A laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu da kanta take naɗa wa wanda ba shi da hali lauya, kuma duk wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi.