KUƊIN TALLAFIN MATA DAGA ƘASASHEN WAJE: ABIN DA YA KAMATA KI SANI KAFIN KI MIƘA HANNU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurtawa, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure da nake koyarwa a Boɗinga. Bayan mun tashi daga karatun Ahalari sai wata baiwar Allah ta tsaya, ta ce, "Malama, don Allah kuɗin nan da Turawa ke rabawa, halal ne kuwa? Kuma me ya sa in sun fara ba a jimawa sai mu ji shiru?" Da na kai ziyara gidan iyayena a Shagari, sai ga irin wannan tambaya daga bakin ƙanwar mahaifiyata, sai dai ita kukanta daban ne: "Ku 'yan Boɗinga aka sani, mu an manta da mu." To, waɗannan tambayoyi uku su za mu bi ɗaya bayan ɗaya, in Allah Ya yarda.

Daga ina kuɗin suke fitowa?

'Yar'uwa, ki fara sanin cewa ba Bature ɗaya ba ne ya zauna da jakar kuɗi yana rabo. Mafi yawan kuɗin nan haraji ne da gwamnatocin ƙasashe kamar Ingila da Kanada da Tarayyar Turai ke karɓa daga hannun mutanensu, su ware wani ɗan kaso don ayyukan raya ƙasashe matalauta. Daga nan sai su miƙa wa hukumomi irin su UNICEF ko manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu, su kuma su haɗa hannu da gwamnatin jiha da ƙananan ƙungiyoyi na gida. Kin ga ke nan kafin naira ɗaya ta iso zaurenki, ta ratsa hannu huɗu ko biyar, kuma kowane hannu akwai albashi da mota da ofis.

Abu na biyu, ba duka ba ne kyauta. Akwai kyauta, akwai rance. Ga misalai daga jiharmu ta Sakkwato:

1. Shirin ilimin 'ya'ya mata kashi na uku, wanda ake kira GEP3, gwamnatin Ingila ce ta ba da kuɗinsa kyauta, UNICEF ta gudanar, daga 2012 zuwa 2022. A ƙarƙashinsa ne, tsakanin 2014 da 2016, aka riƙa ba iyaye naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya 'yar shekara 6 zuwa 15 a wasu zaɓaɓɓun garuruwa, don ta samu zuwa makaranta.

2. Shirin Spotlight na yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata, Tarayyar Turai ce ta zuba masa Yuro miliyan 500 a duniya baki ɗaya. Ya yi aiki a Nijeriya daga 2019 zuwa 2023, kuma Sakkwato na cikin jihohin da aka zaɓa. Da taimakonsa aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato a 2020, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe.

3. Shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare kuwa, kuɗin Bankin Duniya ne, kuma Sakkwato na cikin jihohin da aka ƙara a 2023. Wannan rance ne mai sauƙin biya, amma dai rance ne. Ƙasarmu za ta biya, wato ke da ni da 'ya'yanmu.

Saboda haka in kin ga ana gyara aji ko ana rabon wani abu da irin wannan kuɗi, kada ki ji nauyin tambaya. Ba alfarma kaɗai ake yi miki ba, akwai haƙƙinki a ciki.

Me ya sa wani gari ya samu, wani bai samu ba?

Ga amsar kukan innata ta Shagari. Kowane shiri yana zuwa da iyakar kuɗi, da iyakar wuri, da iyakar lokaci. A Sakkwato muna da ƙananan hukumomi 23, amma rabon kuɗin 'yan makaranta na GEP3 a shida ya tsaya: Binji, Boɗinga, Goronyo, Gudu, Kebbe da Wurno. Ko a cikin Boɗingar ma ba kowane gari ba ne. Hanya ɗaya ce ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari, talaucin iri ɗaya ne, tallan da 'yan mata ke yi iri ɗaya ne, amma alƙalami ya tsaya inda kuɗi suka tsaya. Don haka wadda ba ta samu ba kada ta ɗauki gaba da maƙwabciyarta, wadda ta samu kuma kada ta ɗauka ta fi kowa.

Me ya sa suke ɗaukewa?

Domin tun farko an rubuta ranar ƙarewarsu, mu ne dai ba a cika gaya mana ba. Rabon naira 5,000 ɗin nan na shekara biyu aka tsara shi, da nufin gwamnatin jiha ta ɗauka daga nan. Bayan wannan kuma, siyasar can ƙasashen tana juyawa kamar tamu. Ingila ta daɗe tana ware kobo 70 cikin kowace naira 100 da ƙasar ke samu don taimakon ƙasashen waje. A 2021 ta rage zuwa kobo 50, a Fabrairun 2025 kuma ta ba da sanarwar za ta mayar da shi kobo 30 zuwa 2027. A Amurka, gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, da shigowar watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID ɗungurum, wadda ta yi shekaru tana tallafa wa ayyukan lafiya da ilimi a jiharmu. Babu wanda ya tuntuɓi matar Boɗinga ko ta Shagari kafin a yanke wannan hukunci. Hausawa sun yi gaskiya, zanen aro ba ya rufe katara.

To, halal ne?

Asalin mu'amala da wanda ba Musulmi ba a kan abin duniya halal ce, matuƙar ba a gindaya sharaɗin saɓon Allah ba. Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, mai mulkin Masar, kuma ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abin lura shi ne sharaɗin da ke biye da kuɗin da kuma darasin da ake koyarwa a wurin taro. A nan sai ki yi abin da kike yi kullum a madafa: ki sa rariya ki tankaɗe, gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

In an ce mace na da haƙƙin ilimi, da sadakinta, da gadonta, da ciyarwa, da kada a yi mata auren dole, da kada a dake ta, wannan ba baƙon abu ba ne. Musulunci ya riga kowa faɗa. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mace rabon abin da ta nema kamar yadda ta tabbatar wa namiji nasa. Nana Khadija (RA) 'yar kasuwa ce. Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta ta yi sadaka da kuɗin. Amma in kika ji abin da ya ci karo da addininki, ko kika yi shakka, ki kai wa malamai. Kada kuma ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba.

Tambayoyi biyar kafin ki ba da sunanki

1. Wa ya ba da kuɗin, kuma wace ƙungiya ce ke aikin?
2. Kyauta ne ko rance? In rance ne, akwai ruwa a kai?
3. Yaushe zai ƙare?
4. Me ake so in yi a madadinsa?
5. In an zalunce ni, wa zan kai wa ƙara?

Ki haɗa da sanin mai gida da shawararsa, ki kuma tabbatar hakimi ko mai unguwa ya san da zuwan mutanen. Ki riƙe wannan da kyau: tallafi na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa. Da idona na ga mata sama da ashirin a unguwarmu sun ba wani mutum naira dubu bibbiyu, wai zai saka sunansu a jerin masu samun keken ɗinki. Wata cikinsu sai da ta sayar da kajinta biyu. Har yau ba keke, ba mutumin. Haka nan duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki na banki, ɓarawo ne ko da ya zo da riga mai tambari.

Amana ce, ba ganima ba

Lokacin da ake rabon naira 5,000 ɗin nan ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma akwai gida biyu da ba na mantawa da su. A gida na farko uwar ta ɗinka wa yarinya kayan makaranta, ta sayi littafi, abin da ya rage ta riƙa tarawa har ta sayi 'yar akuya. Da rabo ya tsaya, akuya ta haihu, da 'ya'yanta aka ci gaba da sayen takalmi da biro, yarinyar har ta gama sakandare. A gida na biyu kuwa, kuɗin na shigowa sai anko da gudunmawar biki, wani zubin kuma mai gida ya karɓe. Ranar da rabo ya tsaya, washegari farantin talla ya koma kan yarinya.

'Yar'uwa, kuɗin da aka ba ki don karatun 'yarki amana ce, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da mayar da amana ga masu ita. Rubuta sunan yarinyar da ba ta zuwa makaranta don a karɓi kuɗi, ko shugabar mata ta cika jerin da danginta, duk ha'inci ne, ko da kuɗin na wanda ba Musulmi ba ne. Ga mazajenmu kuma, cikin ladabi muke tunatarwa: dukiyar mace tata ce, ba ta halatta ga miji sai abin da ta bayar da daɗin rai.

Abin da ba ya ƙarewa

A 1991, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara mai suna Mata Masu Dubara. Ba a raba musu jari ba. An dai gyara musu adashen da suka gada ne, aka koya musu tsari. Yau wannan tsari ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma ƙungiyoyi da yawa sun ci gaba da zamansu bayan masu koyarwar sun tafi. Ga yadda yake:

Mata 15 zuwa 30 da suka san juna su haɗu, su zaɓi shugaba da magatakarda da masu ƙirga kuɗi. A samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Duk mako a zauna, kowa ta zuba gwargwadon abin da aka yi yarjejeniya, a ƙirga a gaban kowa, a rubuta. A ware wani ɗan asusu na daban don rashin lafiya da haihuwa da rasuwa. Mai bukatar jari ta ranta ta biya cikin 'yan watanni. Shekara na zagayowa a fasa, kowa ta ɗauki nata.

Ki yi lissafi da kanki. Mata 25, kowace naira 500 a mako, naira 12,500 ke nan duk mako. A mako 52 an tara naira 650,000, ba tare da an jira kowa ba.

Sai dai akwai wurin taka-tsantsan. A tsarin da aka fi yaɗawa, mai rance tana biya da ƙari, wannan kuwa shi ne riba da aya ta 275 a Suratul Baƙara ta haramta. Mafita tana nan. Ko dai a ba da rance ba ƙari don Allah, ko kuma ƙungiya ta sayi kayan da kanta, kamar buhun gyaɗa ko shinkafa shanshera ko ɗan rago, ya zama mallakarta, sannan ta sayar wa 'yar ƙungiya bashi a kan farashin da aka sani tun farko. Ko a sayi gero da kaka a ajiye, a sayar da bazara, a raba abin da Allah Ya ba da. Kowane bashi kuma a rubuta shi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta wannan sura ta koyar.

Kada ki ce wannan sabon abu ne gare mu. A nan Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji ta ɗora musu malfa, suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, suna tafe da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu ana raba wa mabukata. Babu wata ƙasar waje da ta ba su ko anini, amma aikin ya rayu bayan ranta. Ga kuma zakka da wakafi, waɗanda jiharmu ke da hukuma sukutum dominsu. Ƙungiyar mata mai tsari da littafin lissafi ta fi saurin samun kunnen irin wannan hukuma, har ma da masu tallafin na waje, a kan mace ɗaya mai yawo da kuka.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ki yi abu uku. Ki binciki duk wani shiri da ke aiki a garinku da tambayoyi biyar ɗin nan. Ki zauna da matan makarantarku ta Islamiyya ku tattauna kafa asusu, ko da naira 200 za ku fara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan ku kai tsarin gaban malami ya duba muku shi kafin ku zuba ko kwabo. In tallafi ya zo ya tarar da ku a tsaye, alhamdu lillahi, ya zama iri. In bai zo ba, ko ya zo ya tafi, akwatinku na nan.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga riba da cin amana, Ya sanya albarka a sana'o'inmu da 'ya'yanmu da gidajen aurenmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.