Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Lura da Ruwan Rijiyoyin Zango?

Tambaya: A gidanmu a Sawaba muna da rijiya a tsakar gida, maƙwabtanmu kuma sun haƙa bohol suna sayar da ruwa. Duk ranar da famfo ya ɗauke, da su muke dogara. Na ji a rediyo ana cewa gwamnati kan ware yankunan da ruwan ƙarƙashin ƙasarsu ya samu matsala ta ba su kariya. Ta yaya ake gane irin waɗannan yankuna? Mu nan Asokore Mampong fa, ina muka tsaya?
Daga wata Hajiya, Sawaba, Kumasi

Amsa: Bari mu fara da inda ruwan rijiyarki yake fitowa, don a nan amsar take. Babu wani kogi da ke gudu a ƙarƙashin Kumasi. Ruwan sama ne ke tsuma cikin ƙasa, ya taru a rubabben dutsen da ke kusa da sama, wani kuma ya gangara cikin tsage-tsagen dutse mai tauri. Rijiyar hannu daga na saman take sha, bohol kuwa tsagar dutse yake nema. Shi ya sa wani kan haƙa ya dace, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu.

Cutar ruwan ƙasa iri biyu ce: ko ya ja baya, ko ya gurɓace. Kowace da yadda ake gano ta.

Don gano ja da baya, ana haƙa rijiyoyin sa-ido, waɗanda ba a ɗiban ruwansu, sai dai a riƙa auna zurfinsa damina da rani, shekara da shekaru. Daga nan a yi lissafi: nawa damina ke zubawa, nawa mutane ke zuƙewa? Indiya ta yi nisa a wannan. Ta karkasa ƙasarta gunduma-gunduma, duk inda abin da ake ɗiba ya zarce abin da ke komawa, sai a sa wurin a jerin waɗanda aka wuce gona da iri, a tsaurara ba da izinin ɗibar ruwa ga masana'antu.

Gurɓacewa kuwa sai an kai ruwa ɗakin gwaji an gwada shi da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma sau da yawa jikin mutane ne ke riga na'ura magana. A gundumar Bongo da ke arewacin Ghana, haƙoran yara ne suka rine suka yi ruwan ƙasa-ƙasa, aka bincika aka tarar sinadarin fuloraid daga dutsen yankin ya haura miligiram 1.5 a lita, har aka toshe wasu rijiyoyin burtsatse. A kewayen Obuasi, garin zinariya, gubar asenik ce abin tsoro. A gaɓar teku wajen Keta, gishiri ke kutsowa. A Bangladash da asenik ya addabe su, sai suka bi famfunan tuƙa-tuƙa ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a shafa masa koren fenti, mai guba a shafa masa ja.

A Ghana, wannan aiki yana hannun Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da doka mai lamba 522 a 1996. Dokar ta ce ruwan ƙasar nan, na sama da na ƙasa, amana ce a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a. Wato filin naki ne, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa na kowa ne. A 2001 aka fito da ƙa'idar neman izini ga masu ɗibar ruwa da yawa, a 2006 kuma aka wajabta wa masu haƙa bohol su mallaki lasisi, su kuma miƙa bayanin kowace rijiya da suka haƙa: zurfinta, irin dutsen da suka ratsa, da yawan ruwan da take bayarwa. Da waɗannan takardu ake zana taswirar ruwan ƙasa. Hukumar ba ta bin iyakar gunduma, kwarin kogi take bi. Rafin Aboabo da na Subin suna zuba cikin Oda, Oda ya shiga Offin, Offin ya shiga Pra, don haka mu 'yan kwarin Pra ne, ofishinsa kuma yana nan Kumasi.

Dokar ta 1996 ta ba minista ikon ayyana wani yanki a matsayin mai kariya, a taƙaita abin da ake yi a cikinsa. In kina son ganin yadda kariya take a zahiri, ki dubi dajin da ke kewaye da madatsar Owabi, wadda ita da Barekese ke ba Kumasi ruwan famfo: an hana sara da gini a cikinsa don ruwan ya tsira, ko da yake masu cin iyaka ba su daina lasar gefensa ba.

To, mu fa? A ganina, Hajiya, kada ki zauna jiran irin wannan shela. An yi ta ne don daji da bakin madatsa, ba don unguwar da gida ke jingine da gida ba. Ba kuma ƙarancin ruwa ne babbar damuwarmu ba, tunda Kumasi damina biyu take samu a shekara. Damuwarmu daga sama take sauka. Masana tsafta suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Ki auna tsakar gidanku da ido, ki tuna masan maƙwabta yana bayan katanga. Ki kuma tsaya a kan gadar rafin Aboabo bayan ruwan sama, ki ga ledoji da baƙin ruwan kwata. Manufar gwamnati ta 2011 ta ce a bar aƙalla mita 10 a gefen rafi ba gini, amma akwai gidajen da katangarsu ce gaɓar rafin. Binciken da malaman jami'ar KNUST suka sha yi a rijiyoyin hannu na unguwannin Kumasi masu cunkoso ya nuna ƙwayoyin cuta na bayan gida a da yawansu. Irin wannan ruwa ne ke kawo taifot da kwalara, alhali yana iya zama garau a cikin bokiti. In kuwa rijiyarki kan yi duhu ko wari bayan an yi ruwa, to ruwa ba ya tsami banza: akwai hanya tsakaninta da kwata.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai jan ruwa da guga doka ba ta neman izini a wurinsa. Mai ƙaramin inji kuma rajista kawai ake so ya yi a majalisar gunduma, mutane da yawa ba su ma san da haka ba. Sai ki ga layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a gindin tanki, unguwa guda tana sha, amma bohol ɗin babu shi a littafin kowa, ba a taɓa gwada ruwansa ba tun ranar da aka haƙa. Abin da hukuma ba ta ƙirga ba, ba zai fito a taswirarta ba, balle ta kare shi. Nan ne aikin majalisar Asokore Mampong, wadda aka cire daga ta Kumasi a 2012, da duba-garinta da muke kira tankas. Shirin gina masai na zamani a gidaje cikin rahusa, da Bankin Duniya ya tallafa a Kumasi da kewaye, shi ma kariyar ruwan ƙasa ce, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

A naki ɓangaren, ki sa a ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da murfi, a ware mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin. Sai dai tafasawa ba ta cire sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga masai, wanda in ya wuce miligiram 50 a lita yake da haɗari ga jarirai, don haka kada a dama wa jinjiri madara da ruwan rijiyar da ba a gwada ba. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta masu bohol ku kai ruwan ɗakin gwajin kamfanin ruwa na Ghana ko na KNUST, an fi so a tsakiyar damina. Ku tambaye su irin kwalbar da za a ɗebo da ita, ku ce a duba ƙwayoyin cuta da naitiret, sannan ku kai kwafin sakamakon ofishin tsafta na majalisa.