Yadda ake saita kafofin suwic a tsarin Spanning Tree

Kebul ɗaya da aka soka bakinsa biyu a suwic guda ya isa ya durƙusar da sadarwar ofis baki ɗaya. Saƙonni su yi ta zagaye ba tsayawa, fitilun suwic su riƙa ƙyaftawa a tare, intanet ya tsaya cik. Maganin wannan ne Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, daga baya ya zama ƙa'idar IEEE 802.1D a 1990. Suwic-suwic na aika wa juna gajerun saƙonni masu suna BPDU duk daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba, sannan su toshe duk hanyar da za ta jawo zagaye. Umarnan da ke ƙasa na suwic ɗin Cisco ne.

Da farko rubuta show spanning-tree ka ga wane ne shugaba. Idan ba a saita komai ba, lambar fifikon kowa 32768 ce, sai mai ƙaramar lambar MAC ya ci zaɓe, kuma sau da yawa tsohon suwic ne da ke can cikin ƙura. Kada ka bar masa. Shiga babban suwic ɗinka da enable, sai configure terminal, ka rubuta spanning-tree vlan 10 root primary, ka maimaita wa kowane VLAN. A duk suwic ɗin kuma sa spanning-tree mode rapid-pvst, domin tsarin 802.1w na 2001 ya fi tsohon saurin farfaɗowa nesa ba kusa ba.

Yanzu ka raba kafofi gida biyu: na kwamfutoci da firinta, da kuma waɗanda ke haɗa suwic da suwic. A nan ne ainihin aikin yake.

A tsohon tsari, kafa takan yi daƙiƙa 15 tana saurare, wasu 15 tana koyo, fitilarta ruwan lemo, kafin ta buɗe. Wata kwamfutar kan gaji da jiran DHCP ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, ma'aikaci ya ce layi ya lalace. Zaɓi kafofin kwamfutoci da interface range gi1/0/1 - 20, ka sa switchport mode access, sai spanning-tree portfast. Kafa za ta buɗe nan take.

Amma kada ka bar PortFast shi kaɗai. Bi shi da spanning-tree bpduguard enable. Ranar da wani ya jona suwic ɗinsa ƙarƙashin tebur, ko ya dawo da kebul cikin wata kafar bango, da zarar BPDU ya shigo kafar za ta rufe kanta. Za ka gan ta da show interfaces status err-disabled. Cire abin da aka jona tukuna, sannan shutdown da no shutdown. Akwai errdisable recovery cause bpduguard mai buɗe ta da kanta bayan daƙiƙa 300, amma ni na fi son a je a ga mai laifin.

Kafofin da ke tsakanin suwic da suwic ba sa buƙatar PortFast ko kaɗan. Wadda ta gangara daga babban suwic zuwa ƙarami, sa mata spanning-tree guard root, don kada baƙon suwic ya ƙwace shugabanci. Idan hanyoyi biyu ne kuma tsarin ya toshe wadda kake so, duba farashinsu: a tsohon lissafi gigabit 4 ne, megabit 100 kuma 19. Hanya mai araha ake bi, don haka ƙara wa wadda ba ka so da spanning-tree cost, a suwic ɗin da ke ƙasa.

Sake duba show spanning-tree, ka zare kebul ɗaya a lokacin da ofis ya tashi ka tabbatar ɗayar hanyar ta karɓa. Sannan ka rubuta copy running-config startup-config, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta share duk abin da ka saita.