DARASI: SA WA BABUR FAFFAƊAR TAYA A BAYA

A ƙasar Dambatta, da Makoɗa, da Kunci, da Bichi, babur ya karɓi rabin aikin jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke kai gero da wake kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda yawan kaya da rairayin hanya, manoma da yawa sukan cire tayar baya su sa wadda ta fi ta faɗi, suna zaton babur zai ƙara ƙarfi. Kafin ka fid da kuɗin gyaɗarka, ɗan'uwa, mu duba al'amarin tare.

1. Karanta jikin taya

Kowace taya tana da lamba a gefenta. Babur irin Bajaj Boxer mai inji 100 yakan zo da 3.00-17 a baya. Watau faɗin tayar inci 3 ne, rim ɗin da za ta hau kuwa inci 17. Lambar ƙarshe ba ta canzuwa. Taya mai 18 ba za ta zauna a rim mai 17 ba.

Shi ma rim yana da nasa faɗin, an buga shi a jikin ƙarfen, kamar 1.60 ko 1.85. Rim mai 1.60 iyakarsa taya 3.00. Mai 1.85 yana iya ɗaukar 3.25. In ka matsa babbar taya a siririn rim, gefenta zai tsuke, bayanta ya yi tsini. Sai ka tarar wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, tsakiya ta cinye da wuri, babur kuma ya riƙa rawa a kwana.

2. Abin da faɗi ke jawowa

Irin waɗannan tayoyi, in faɗi ya ƙaru tsayi ma yakan ƙaru. Ƙafa mai 3.00-17 tsayinta wajen inci 23 ne, mai 3.50-17 kuwa wajen inci 24. Wannan inci ɗaya kamar ka tashi babur da giyar da ta yi masa girma ne. Inji zai yi nishi wajen tashi da kaya, kuloci ya sha wuya, mai kuma ya ƙara tafiya, domin tayar ta fi nauyi.

Sa'an nan akwai maganar fili. Ƙafar baya tana tsakanin ƙarfe biyu, ga sarƙa a gefe guda, ga sandar birki a ɗayan. Taya tana iya wucewa lafiya babur yana tsaye ba kaya. Amma da an ɗora buhu, shokozoba ya nutse, sai ta soma gugar marfin sama ko sarƙa. Guga tana kawo zafi, zafi kuwa yana fasa taya. Fashewar tayar baya a kan titin Kano zuwa Daura, da goyo da kaya, ba ƙaramin hatsari ba ne. Da damina kuma taɓo yakan cike ɗan filin da ya rage, ƙafa ta ƙi juyawa.

A rairayi fa? Gaskiya ne faffaɗar taya ba ta nutsewa kamar siririya, amma taimakon kaɗan ne. Ƙafar gaba ce ke yawan kwashe mutum a yashi. Maganin wannan shi ne tafiya sannu da ƙaramar giya, da rage kaya.

3. Ƙarfin ɗaukar kaya

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba faɗi kaɗai ke nuna ƙarfin taya ba. Nemi rubutu kamar 4PR ko 6PR. Mai 6PR ta fi ƙwari. Kusa da shi za ka ga wata lamba kamar 50P. Wannan 50 tana nufin kilo 190 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka, in iskarta ta cika daidai.

To, mu yi lissafi. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhu uku kilo 150 ke nan, kusan duk a kan ƙafar baya. Ƙara nauyinka, ka ƙara rabon nauyin babur, wanda shi kansa ya haura kilo 100. Ka ga an wuce iyaka. Ko da ka sami taya mai ƙarfi, birki da shokozoba da sarƙa suna nan yadda suke. Sawu biyu ya fi jinyar karaya a lokacin noma.

4. In lalle za ka canza

(a) Kada ka wuce mataki ɗaya, watau daga 3.00 zuwa 3.25, shi ma sai rim ya yarda.
(b) Sayi sabon tif mai lamba daidai da tayar. Ƙaramin tif a babbar taya yakan miƙe ya yi siriri har ya fashe.
(c) Duba shekarar taya. Lamba huɗu kamar 2423 tana nufin mako na 24 na shekarar 2023. Wadda ta daɗe a rana takan tsattsage.
(d) In akwai kibiya a gefe, mai faci ya sa ta ta bi juyin ƙafa.
(e) Bayan an ɗaura, mutum biyu su zauna, a duba ko yatsa zai shiga tsakanin taya da kowane ƙarfe.
(f) Auna iska da geji da safe, taya tana sanyi. Ƙananan babura sukan so wajen 28 a baya, 32 in da goyo. Kada ka sace iska da yawa domin yashi, gama taya za ta zame a rim ta tsinke bakin tif.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wace lamba ce a tayar babur ɗinka, wace ce kuma a rim?
2. Buhu nawa ka saba ɗorawa? Kilo nawa ke nan?
3. Wane kaya ya kamata a bar wa amalanke ko jaki?